Garken Inna a Cikin Gilashi

Shekarar da aka kore wa Inna dabbobinta, ita ce shekarar da na sayi kifi. Ba kifin miya ba, kifin kallo. In ka ce wauta ce ba zan yi maka musu ba, matata ta riga ka faɗa, kuma a gaban mutane ta faɗa.

Ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Batsari. Wata rana aka aike ni Katsina da takardu, na shiga ofishin wani babba, sai ga akwatin gilashi a kusurwa cike da ruwa, 'yan kifaye jajaye suna kai da kawowa a ciki, ga fitila, ga kumfa yana tashi ɓul-ɓul. Ina zaune ina jiran a sa mani hannu, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Kafin in hau motar gida sai da na nemo mai sayar da su. Haka na dawo Batsari a gaban bas, rungume da akwatin gilashi, kifaye shida cikin leda a kan cinyata, kwandasta yana ta tambayata ko na magani ne.

A garin da ruwan sha ma sai mai kura ya turo maka, wuta kuma sai ta ga dama ta leƙo. Matata ta tsaya a ƙofar falo ta riƙe ƙugu tana kallona ina jera duwatsu a cikin gilashin.

"Soyawa za a yi ko farfesu?"

Na ce ado ne.

"To, Allah ya ba da lada. Wannan ne adon farko da na gani mai ci yana kashi."

Ba a jima da haka ba labari ya zo daga ƙauyenmu, can bayan Zakka a ƙasar Safana. Ɓarayin daji sun shiga sun kwashe duk abin da ke ɗaure a garin. Tun rasuwar Baba, Inna ba ta da wata hidima sai awakinta da tumakinta da wata saniya guda da ta raina tun tana maraƙa. Ko ɗan akuya ba a bar mata ba. Ita ba a taɓa ta ba, alhamdu lillahi, amma mutane suka fara tashi, gida bayan gida. Ni da ƙanena muka je muka ɗauko ta, da roƙo da magiya da sa bakin dattawa. Ta yarda a kan kwana biyu kawai za ta yi.

Sai na yi maka bayanin wani abu, in ba haka ba za ka ce me ya hana ni zaunar da uwata in yi mata magana. Ni ne ɗanta na fari. Kakata ce ta goya ni, wurinta na tashi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata, in na shiga ɗaki gaishe ta sai ta juya ga bango ta amsa wa bangon. Kunya ce irin ta mutanen da, ita kuma ta riƙe ta da hannu biyu. Ƙanena yana iya kwanciya a tabarmarta ya yi mata gardama har ta jefe shi da mafici. Ni kuwa duk abin da za ta ce mani sai ya bi ta bakin matata, ko da ina tsaye a wurin.

"Ɗiyata, ki ce wa mai gidan nan ranar kasuwa zan bi mota."

Kowace ranar kasuwa motocin ɓangarenmu suna zuwa Batsari, kuma kowace ranar kasuwa sai na ji wannan saƙon. Sai in ƙirƙiro dalili: hanya ba kyau, direban da na yarda da shi bai zo ba, a bari sai ta sama. Dalilaina suna ta ƙarewa. Ga shi ba ta cin abinci, sai ta tsakuri tuwo ta ture. Ta wuni a kan tabarma a tsakar gida, hannuwanta a kan cinya ba abin yi, ƙunshin kayanta a bayan ƙofa ko kwance shi ba ta yi ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Na san in ta koma, ita kaɗai za ta zauna a unguwar da ba kowa, kuma na san ba ni da bakin hana ta.

Wata rana na dawo aiki na tarar da ita a falo, ɗakin da ba ta taɓa shiga ba don ta ce kujerunsa suna haɗiye mutum. Tana durƙushe gaban gilashin, hancinta kusan manne da shi.

"Ɗiyata, wa ke ba waɗanga abinci?"

Matata ta ɗauko ɗan gwangwanin abincinsu, ta tsakuro da yatsu biyu ta barbaɗa, yadda mai kifin ya koya mani.

Inna ta dubi yatsun, ta dubi matata. "Shi ke nan? Ku ba ku tsoron Allah? Ku tsare bayin Allah cikin kwalba, ba su kiwo ba su rafi, sannan ku ba su abin da ko tururuwa ba ta ƙoshi da shi?"

Tun daga ranar ta karɓe su. Da safe dusa, da rana tsakin gero, da yamma guntun tuwo ta murmushe da hannu. Akwai ranar da na ga farin abu yana yawo a ruwan, na tambaya aka ce fura ce, wai ta ga rana ta yi zafi. Ta san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai rodi-rodi, akwai baƙi mai fitattun idanu wanda ta ce bai da kunya, akwai babbar cikinsu mai doguwar jela wadda take kira uwar garke. In ta ƙwanƙwasa gilashin sai su taru, ita kuma ta yi ta faɗa da masu handama.

Mai kifin ya ja mani kunne tun a Katsina cewa yawan abinci ke kashe su. Ina sane. Amma uwata ta fara cin tuwo, ta kwance ƙunshinta ta fito da zannuwa, ranar kasuwa ta zo ta wuce ban ji saƙo ba. Wa zai buɗe baki? Da kaina na riƙa sayo dusar.

Kuma ta samu wata sabuwar hanya ta yi mani magana. In na shigo ta juya ga kifayen.

"Ku ci, ku ci abinku. Ku dai kuna da hankali. Wasu sun fita tun safe ko koko ba su sha ba, wai su ma'aikata. Ga wuya duk ya fito."

Na wuce ɗaki na zauna a bakin gado. Na haura arba'in a duniya, sai ranar na san Inna tana kallon wuyana. Daɗin da na ji ba zan iya faɗa maka shi ba. Washegari na sha koko kofi biyu a tsakar gida, ina kurɓa da ƙarfi don a ji.

To, ruwan da ake zuba wa tuwo da fura ka san inda zai ƙare. Ya fara dushewa, ya koma kamar ruwan da aka wanke gero. Falo ya ɗauki wani wari, baƙi suka fara cewa a shimfiɗa masu tabarma a waje, wai sun fi son iska. Injin kumfar kuma sai an kawo wuta yake aiki. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki, jikinsu ya feso da fararen ɗigo-ɗigo, suka daina zuwa in an ƙwanƙwasa.

Inna ta duba ta duba, ta yanke hukunci. "Sanyi ne. Mahaluki ya kwana cikin ruwa ya wuni cikin ruwa, ba rana ba mayafi, mi zai hana sanyi kama shi?"

Ta jiƙa jar kanwa ta tsiyaya masu, ta ɗumama ruwa a murhu ta ƙara, sannan ta lulluɓe akwatin da bargona na aure.

Ni kuma na fita bayan gida na kira mai kifin. Ya ce akwai maganinsu na musamman amma ya ƙare, sai ya sa an kawo daga Kano. Kafin nan in canza ruwan, in sa ɗan gishiri kaɗan, in daina ba su abinci gaba ɗaya. Na dawo na gaya wa matata, ta juya ta gaya wa Inna, duk muna tsaye wuri ɗaya.

"A hana majinyaci abinci? Ɗiyata, ki tambaya, wanda ya faɗi haka ya taɓa kiwon ko kaza?"

Gishirin ne kawai ta yarda da shi, don ta ce dabba ba ta lafiya sai da lasa. Sai dai kaɗan a wurin Inna cikin tafi ne.

Mai rodi-rodi ya fara tafiya. Da safe ne, ina sa takalmi zan fita, na ji Inna ta ɗaga murya irin yadda ban taɓa ji ba.

"Ɗiyata! Ki ce ya zo da wuƙa! Maza, kar ya yi mushe!"

Na shigo da gudu. Ta tsamo kifin ta ɗora a kan faifai, yana ɗan motsa baki. Duk tsawonsa bai wuce babban yatsana ba. Matata ta miƙo mani wuƙar yankan ragon layya, ta koma bayan labule tana toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Na ce, "Ki gaya wa Inna ai kifi ba a yanka shi. Ko ya mutu da kansa halal ne."

"Ki ce mashi na san wannan tun ba a haife shi ba. Wancan kifin rafi ne. Wanga na gida ne, kiwo ne, ya ci daga hannuna. Ba a barin abin kiwo ya mutu a wulaƙance namiji yana tsaye."

Me zan yi? Na tattare babbar riga, na durƙusa, na juya faifan ya fuskanci gabas. Na yi ta neman inda wuyan kifi yake. Wallahi har yau ban sani ba. Ina cikin nema ya cika. Inna ta yi salati, ta ce wa bango wasu dai komai nasu sanyi-sanyi.

Ba ta bari an ci ba. Ta ce ba a cin majinyaci. A gindin katanga ta sa na binne shi.

Da yamma na ji ta gaban gilashin, murya ƙasa-ƙasa, ba faɗa ba tsokana.

"Ku ma tafiya za ku yi? To. In kun ƙare ni ma sai in kama hanya. Zaman mi zan yi, hannu ba abin riƙo."

Ta san ina bakin ƙofa. Ni kuma na san ba da kifi take ba.

Ban ko cire hula ba na hau babur sai kemis. Mai kemis ɗin unguwarmu mutum ne da bai taɓa cewa bai sani ba tun da aka haife shi. Ciwon kai, karaya, haihuwa, aljanu, duk yana da ƙwayarsu. Na tarar da shagon cike, har da wani abokin aikina da ba ya riƙe magana. Na matsa kusa na rage murya.

"Magani nake so na ƙuraje. Farare, ƙanana, duk jiki."

"Yaro ne ko babba?"

"Ƙarami ne."

"Yana zazzaɓi?"

"Jikinsa dai sanyi ƙalau."

"Subhanallahi. Yana cin abinci?"

"Ya daina. Sai buɗe baki yake yana rufewa."

Wata mata da ke bayana ta ce, "Wayyo, bawan Allah, ka kai shi asibiti mana!"

Mai kemis ya ci gaba, "Su nawa ne a gidan suka kamu?"

"Biyar. Ɗaya ya rasu da safe."

Shago ya ɗauki salati. Abokin aikina ya dafa kafaɗata, ya ce don me ban sanar ba a zo jana'iza. Nan dai na ga ba mafita. Na ce kifi ne.

Sai da wani tsoho ya zauna a kan katan don dariya. Matar nan ta ja tsaki ta ce in mayar mata da wayyonta. Raina ya ɓaci, na ce duk wanda bai taɓa jinya ba ya ci gaba da dariya. Mai kemis kaɗai bai ko murmusa ba. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Kifi ai jini gare shi. Duk abin da ke da jini, maganinsa ɗaya ne."

Ya zubo mani kafso ja-da-yalo, ya ƙara farasitamol saboda raɗaɗi, da maganin tsutsar ciki don kar a bar ƙofa, da na ƙarin jini na ruwa don su samu ƙarfi. Na ce ta yaya zan ba su?

"Kai ma dai. Mutum ake fama da shi ya sha da ruwa. Su da ke cikin ruwan? Ai babu majinyaci mai sauƙinsu."

Na san maganar ba ta zauna ba. Ko a lokacin na sani. Amma wanda tsoro ya kama, in aka miƙo mashi leda ɗauka yake.

Da Inna ta ga ja-da-yalo fuskarta ta washe. Shi take ba kajinta, shi take ɗura wa awaki in sun yi zawo. Ta juya kafson a tafin hannu kamar ta ga ɗan'uwa.

"Ashe dai wasu in sun ga dama suna da kai," ta ce wa uwar garke.

Wannan yabon shi ya ƙarasa kifayen. Don tun daga nan duk abin da Inna ta ce a zuba, zubawa nake, ina ƙarawa da nawa. Muka ɓare kafso muka zazzage, ruwa ya koma rawaya yana kumfa. Na daka farasitamol a turmin yaji. Ita ta aika aka samo mata sassaƙen maɗaci ta jiƙa, ta kawo barkono irin wanda take sa wa kaji a ruwan sha. Baƙin nan mai fitattun idanu jelarsa ta fara zaizayewa, sai ta ce gyambo ne, a kawo shuɗin maganin nan da ake shafa wa yara a baki. Na kamo shi da rariya, na riƙe, ita tana shafa mashi da gashin kaza. Ya yi wani tsalle ya watsa mana. Sati guda ina zuwa ofis da hannuwa shuɗaye, ga labarin kemis ya riga ni isa. Har masinja sai ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ya masu jiki?"

Amma ka san wani abu? A gaban gilashin nan ni da Inna muke durƙusawa kafaɗa da kafaɗa. Tunda nake ban taɓa zama kusa da ita haka ba. Ina jin ƙamshin man shanun da take shafawa. Ta ce wa kifi a ɗaga rariyar sama, in ɗaga. Ta ce wa matata a ƙaro ruwa, in ƙaro. Har matata ta gaji ta ce ita fa ba wayar salula ba ce, ta koma kicin, muka ci gaba da sha'aninmu ta bakin majinyata. Ina kashe kifi da hannuna, ina sane, kuma ban taɓa jin daɗin zama gida kamar kwanakin nan ba.

Suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Gindin katanga ya zama maƙabarta. Kyanwar maƙwabta ta tono ɗaya ta cinye, aka ce ta wuni tana tangaɗi a kan rufin kwano, daga nan ba ta ƙara shigowa gidanmu ba.

Saura uwar garke. Inna ta fitar da ita daga gilashi ta sa a ƙwarya, ta kai ɗakinta kusa da gado, ta rufe da faifai. A ruwan randa mai tsabta sai ta ɗan farfaɗo, har ta motsa jela. Muka ce magani ya fara aiki, muka ƙara mata rabin kafso.

Ana gobe kasuwa wani direban Katsina ya kawo mani maganin gaskiyar daga mai kifin, 'yar kwalba ƙarama da hoton kifi a jiki. Na baro ofis da gudu. Na tarar da Inna a tsakar gida tana wanke akwatin gilashin da toka da soso. Ƙwaryar tana kife a gefe. Wannan karon ba ta ce a zo da wuƙa ba, da kanta ta binne.

Ta ɗauraye gilashin tas, ta kife shi a rana. Ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwa.

Na bi ta. Na durƙusa a bakin ƙofa, na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi mata magana kai tsaye.

"Inna, don Allah. Don darajar Annabi. Zan sayo wasu. Ko ashirin kike so."

Ta juya ga bango. Sannan ta ɗaga murya.

"Ɗiyata, ki ce ya tashi. Rigarshi za ta yi datti."

Ranar kasuwa ban je aiki ba. Na shimfiɗa tabarma a zaure na zauna gadi, ni da rediyo. Duk wanda zai fita gidan nan sai ya tsallake ni, kuma na san Inna ba za ta tsallake ni ba ko za a yi me. Aka kira azahar. Masallacin ga shi nan ƙofar gida. Na ce raka'a huɗu dai, me zai faru? Liman kuwa ranar ya ga dama ya yi doguwar addu'a. Ina dawowa na tarar da matata a zaure, hannu duk kumfar wanki.

"Ta fita. Ina bayan gida ina shanya."

Ban san da wane takalmi na fita ba, sai daga baya na ga ƙafa ɗaya nawa ne ɗaya na matata. Na tayar da babur sai tasha. Motar ɓangarenmu ta cika har ta fara gungurawa, buhuna a sama, mutane a kan buhuna. Na gitta babur a gabanta. Direba ya leƙo yana zagi, na rama, na ce in ya isa ya taka ni. Na riƙa zagaya motar ina leƙa fuskar duk tsohuwar da ke cikin lulluɓi. Wata ta kai mani duka da carbi, ta ce ɗan banza mai ido a tsakar ka, ko kunyar furfura ba ya ji. Inna ba ta ciki.

Na tsaya tsakiyar tasha ina waige-waige. Wata motar ta riga ta tashi, in ji yaran tasha. Har na juya babur zan bi hanyar Safana, sai wani dattijo ɗan ƙauyenmu da ke sayar da igiya ya kira ni.

"Kai, tsohuwarka kake nema? Ai ga ta can a kara. Tun ɗazu take wahalar da mutane."

Kara, wurin da ake cinikin dabbobi. Na kutsa cikin raguna da dillalai, ina tuntuɓe da igiyoyi. Can ƙarshe, inda ake ɗaure waɗanda ba mai so, na hango ta a tsugunne. Ta buɗe bakin wata akuya tana duba haƙora.

Ban taɓa ganin akuya irin wannan ba. Ƙashin haƙarƙarinta kana iya ƙirgawa daga nesa. Ƙazuwa ta cinye mata rabin baya, zawo ya bushe a jela, ido ɗaya yana ruwa, kuma tari take kamar tsohon mai shan taba. Mai ita ma kunya yake ji, sai nuna wa Inna wasu yake.

"Hajiya, ga masu lafiya nan. Wannan ai mahauta ma sun ƙi ta. Ba na so ki kai gida ta mutu ki ce na cuce ki."

"Wagga nika so."

"Don Allah dubi wannan ja ɗin, ga ciki gare ta."

"Masu lafiya mi za su yi da ni?" Ta shafa wuyan akuyar. "Kuma ga magani can ya rage cike da leda. A bar shi ya lalace?"

Ta gan ni. Na san ta gan ni, don ta gyara lulluɓi ta juya mani baya. Ta dubi ƙafafuna ta ƙasan ido, ta ce wa akuyar wasu dai ko takalmi ba su iya sawa ba. Sannan ta ce wa mai dabbobin ya miƙa igiyar ga wancan da ke tsaye.

Na karɓi igiya. Inna ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta ɗan bugi gindin akuyar.

"Tashi mu je gida."

Ta nufi hanyar unguwarmu. Tasha tana bayanta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ba za ta hau babur ɗina ba, wannan ko tambaya ban yi ba. Akuyar kuma ta yi taku kaɗan ta durƙushe. Haka na ɗauke ta na ɗora a kan tanki, na rungume da hannu ɗaya, muka ratsa tsakiyar kasuwar Batsari a hankali, Inna a gaba da ƙafa, ni a baya. Akuya tana tari, ta jiƙa mani wando, ni kuma hawaye suna zuba ba hannun sharewa. Abokin aikin nan nawa yana bakin rumfar mai shayi, ya miƙe tsaye ya ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe! An samu sabon majinyaci?"

Na ce an samu, kuma ya gaya wa duk wanda ya ga dama.

Da muka isa matata ta dubi akuyar, ta dubi tsakar gidanta da aka shafe da siminti, ta dubi zogalen da ta dasa a gefe. Ta buɗe baki, ta dubi fuskata, ta rufe. Ta je ta ɗebo ruwa a bokiti.

Inna ta zagaya tsakar gidan tana dubawa, akuyar tana kwance a inuwa.

"Yi haƙuri," ta ce mata. "Gidan ba turke. Amma yau za a kafa."

Na aro diga a maƙwabta. Kafin magariba na fasa simintin da hannuna, na kafa turke mai kauri, na danne gindinsa da duwatsu. Ita ta nuna mani wurin, da ɗan yatsan ƙafa, daidai ƙofar ɗakinta.